Wata Huɗu Tsakanin Baba da Shehu Anbasa

Daga Ƙairawan, goma ga Muharram, shekara ta 291

Zuwa ga ƙanena Zurara ɗan Mu'afa, a birnin Fusɗaɗ ta ƙasar Masar.

Amincin Allah ya tabbata gare ka, kai da iyalinka. Mu nan lafiya muke, sai sanyi. Idon Inna ya ƙara dushewa, amma bakinta yana nan yadda ka bar shi. Ƙafar maigidana ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci ba sanda. Zaitun ya yi kyau bana.

Ba gaisuwa ce ta sa ni ɗaukar alƙalami ba. Ka san Malam Abul Fayyad, wanda ya shekara tara yana tattara tarihin malaman fiƙihun ƙasarmu sahu-sahu: wa ya karantar da wane, yaushe ya rasu, ana karɓar maganarsa ko ba a karɓa. To ya iso kan su Baba. Ya zo gida na zauna bayan labule, ya yi ta tambaya ina ba shi amsa da murnata. Na faɗa masa Baba ya bi ayarin alhazai a shekara ta 238, ya isa Madina cikin Zulƙida, ya karanta littafin hukuncin ruwa da rijiyoyi a gaban Shehu Anbasa.

Bayan mako guda sai ga shi ya dawo, ko ruwan da aka kai masa bai sha ba. Ya ce, "'Yar malam, kin tabbata Zulƙida?"

Na ce, "Malam, Inna ma ta tabbata, ga ta nan."

Ya ce, "To Shehu Anbasa cikin Rajab na wannan shekarar ya rasu. Mutum uku da suka yi masa salla sun shaida. Wata huɗu yana cikin kabari kafin mahaifinki ya shiga Madina. Amma kowane babi na littafin nan cewa yake, Anbasa ya faɗa mini. A ina ya faɗa masa?"

Zurara, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce masa Baba bai taɓa cewa ya ji abin da bai ji ba. Ya ce shi ma haka ya ɗauka, amma ranar ɗaya ga Ramadan zai karanta wa ɗalibai wannan sahun, kuma idan ba a kawo hujja ba, ga abin da zai rubuta: ya yi da'awar ji daga wanda bai riska ba, a bar ruwayarsa. Ka san da zarar ɗalibai sun juya littafi sun watsu da shi, babu mai iya kankare shi. Har abada sunan Baba zai zauna cikin maƙaryata.

Duk littattafan da ke nan juyi ne. Tushen, wanda Baba ya rubuta da hannunsa a Madina, kai ka tafi da shi. A warƙar ƙarshe dole akwai shaidar karatu: ranar da aka karanta, da wanda ya saurara, da sa hannunsa. Ka juya min ita gaban shaidu biyu, ka aiko da ayarin farko. Kada ka tsaya min dogon tsari irin naka.

Yayarka, Ramla

*

Daga Fusɗaɗ, ƙarshen Safar

Zuwa ga Yaya Ramla, Allah ya ƙara mata lafiya da haƙuri.

Takardarki ta same ni lafiya, sai ɗan zazzaɓi da ya kwantar da ni kwana shida, ya kuma tafi. Yara suna gaishe ki. Ki ce wa Inna na aika mata da kwalli irin na nan, an ce yana taimakon ido. Ki sumbaci hannunta a madadina.

Ina da albishir. An ba ni ginshiƙi a tsohon masallaci, wato wurin karantarwa, ina zama bayan La'asar. Ɗalibai sun kai arba'in, har da mutanen Andalus da na Yaman. Littafin Baba suke zuwa ji, domin isnadina gajere ne: ni, sai Baba, sai Shehu Anbasa. Sauran malaman nan sai sun lissafa mutum huɗu ko biyar kafin su kai gare shi. Shekara goma sha biyar ina juya wa mutane littattafai a kasuwar masu takarda kafin Allah ya kawo ni wannan matsayin, kin sani.

Maganar Abul Fayyad kuwa, Yaya, kin cika ɗaukar abu da zafi. Masu rubuta tarihin malamai haka suke, ba sa jin sun yi aiki sai sun shafa wa wani kashin kaji. Wa ya ce shaidun nasa ba su manta ba? Tsofaffi ne, shekara hamsin da wani abu ta wuce. Kuma mutanen Ƙairawan sun san Baba. Duk rigimar rijiya da tafki a garin nan da fatawarsa ake kashe ta har yau, layi ɗaya a littafin wani ba zai rushe wannan ba.

Tushen yana cikin akwati, kuma laima ta taɓa ƙarshensa. Ban ga amfanin tara shaidu a kansa ba. Shawarata ki bar maganar nan ta kwanta. Abin da ke cikin warƙar nan ba zai faranta miki rai ba.

Ƙanenki mai biyayya, Zurara

*

Daga Ƙairawan, tsakiyar Rabi'ul Ahir

Zuwa ga Zurara.

Sallama. Muna lafiya. Kwallin ya iso, Inna ta ce yana da yaji, amma kullum sai ta sa. Na yi murna da ginshiƙinka, Allah ya sa albarka. Shi ke nan na gama gaisuwa.

Takardarka shafi guda ce, amma layi ɗaya na gani a cikinta. Ba zai faranta min rai ba? Kwana uku ban iya cin abinci ba. Abin da na fahimta shi ne ka duba warƙar, ka ga Baba ya yi ƙarya, kana rufa masa asiri. Idan haka ne ka faɗa min a fili, ni ba yarinya ba ce.

Sai dai zuciyata ta ƙi yarda. Ka tuna shekarar da ya ba wani manomi fatawa a kan rabon ruwa, mutumin ya koma Susa, washegari Baba ya gane ya yi kuskure? Ya hau jaki cikin zafin nan, kwana biyu, ya je ya same shi a gona ya ce, abin da na faɗa maka ba daidai ba ne. Ya dawo leɓensa duk ya tsage. Wannan mutumin ne zai zauna ya ƙaga wa mamaci magana babi ashirin da bakwai?

Na je gidan Abul Fayyad da kaina, maigidana ya raka ni. Kada ka ƙara cewa kashin kaji yake shafa wa mutane. Na faɗa masa maganarka ta tsofaffi, ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwanki wayo gare shi. Tsofaffi suna mantuwa, gaskiya ne. Amma ɗaya daga cikinsu ranar jana'izar aka haifa masa ɗa, ya rubuta ranar a bangon Alƙur'aninsa. Na ga rubutun da idona."

Na ce, "Malam, to idan ka yi shiru a kan Baba fa? Ka tsallake shi kawai."

Ya ce, "Haba 'yar malam. Mutumin da alƙalai ke hukunci da littafinsa zan tsallake? Wallahi a hannunsa na fara sanin haƙƙin maƙwabci a rijiya, kuma ranar da na gano wannan abu sai da na yi hawaye. Amma idan na rufe ido a kan wanda nake so, wa zai yarda da ni a kan wanda ba na so?"

Gaskiya ya faɗa. Ya nuna min shafin. Ya rubuta sunan Baba da nasabarsa, ya bar fili fari a ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Ya ce filin yana jirana har Ramadan.

Ka aiko min da warƙar, ko laima ta ci rabinta. Idan ta wanke Baba, alhamdu lillahi. Idan ta kama shi, ni da bakina zan gaya wa Abul Fayyad ya rubuta, in dawo gida in yi kukana. Zaman rashin sani ne ba zan iya ba.

Ramla

*

Daga Ƙairawan, farkon Rajab

Zurara,

Muna lafiya, ina fatan kana raye. Teku ta buɗe tun tuni. Jirage uku sun iso Susa daga Iskandariyya, kowa ya sami takardar ɗan'uwansa, har Bahiyya mai saƙa da ɗanta bai iya rubutu ba. Ni kaɗai nake aikawa a tambayo ana dawo min hannu wofi.

Inna ta fara tambaya ko wani abu ya same ka. Na ce aiki ne ya yi maka yawa, kuma ba zan sake yi mata ƙarya dominka ba.

Ka saurara da kyau. Ayarin alhazai zai tashi ƙarshen Sha'aban, kuma ta Fusɗaɗ yake bi. Na yi wa maigidana magana, ya yarda. Idan amsarka ba ta riga ayarin ba, za ka ɗaga kai daga ginshiƙin nan naka wata rana ka gan ni tsaye bayan ɗalibanka arba'in, kuma a nan zan tambaye ka. Ka san ni.

Ramla

*

Daga Fusɗaɗ, biyar ga Sha'aban

Yaya,

Jikina lafiya, yara lafiya. Takardunki biyu suna gabana. Ta farkon na karanta ta ya fi sau ashirin, na kasa amsawa. Kin yi kwana uku ba ki ci abinci ba kina zargin Baba, kuma ni na jawo. Baba bai yi ƙarya ba. Ni na yi.

Laima ba ta taɓa warƙar ba, tana nan garau. Ga abin da ke cikinta. Baba ya isa Madina ya tarar Shehu Anbasa ya rasu. Ya zauna a ƙofar gidan yana kuka, tafiyar wata uku ta tashi a banza. Sai aka ce masa Shehun ya bar 'ya mai suna Umama, wadda ta ji littafin daga bakin mahaifinta sau uku, kuma tushensa yana hannunta. Baba ya karanta mata shi daga bayan labule cikin kwana talatin da ɗaya, tana riƙe da na mahaifinta tana gyara masa. Ta sa hannu a ƙarshe. A littafin Baba kowane babi cewa yake, Umama 'yar Anbasa ta faɗa mini daga mahaifinta. Ko sau ɗaya bai tsallake ta ba.

Kina gidan aurenki na Susa lokacin da Baba ya rasu. Shi da fatawa aka san shi, mutum huɗu kacal suka ji littafin daga bakinsa, duk sun riga mu gidan gaskiya. Bayan jana'iza ɗalibai suka nemi a juya musu, aka ba ni aikin, ina ɗan shekara ashirin da uku. Wani abokina ya leƙa abin da nake rubutawa, ya ƙyalƙyale ya ce, "Af! Ashe tsohon naka ya ƙetare sahara ne don ya durƙusa gaban mace? Ga shi kuma ta ƙara muku tsawon isnadi a banza." Na ji kunya, na kuma yi kwaɗayi. Na ce a raina ai maganar ta Shehun ce, ba a canza ko harafi ba, suna ɗaya kawai zan sauke. Na sauke shi sau ashirin da bakwai. Duk juyin da ke Ƙairawan daga nawa ya fito. Na ɗauko tushen na taho da shi nan don kada wani ya gwada su.

Ban taɓa tunanin wani zai zauna ya ƙirga watanni ba.

Yanzu ga roƙona. Idan wannan ya fito, ginshiƙi ya tafi. Wanda ya taɓa isnadi sau ɗaya ba a sake zama gabansa, ko ya tuba. Zan koma kasuwar masu takarda da furfurata. Ki ce wa Abul Fayyad wani mai juyi ne da ba a san ko wane ne ba ya yi kuskure. Zan aiko da warƙar ta tabbatar da sauran. Baba ya fita, ni ma na tsira, ba a cuci kowa ba. Ki tausaya min, Yaya. Ke kika goye ni.

Zurara

*

Daga Ƙairawan, ashirin da takwas ga Sha'aban

Ƙanena,

Muna lafiya. Na sauke kayan tafiya, ayari ya tashi ba da ni ba.

Da na karanta takardarka sujada na fara yi, don Baba ya fita. Da na ɗago kuma, da kana kusa da sai na mare ka. Shekara goma sha takwas kana ɓoye wannan! Matar nan ta zauna wata guda cikin makokin ubanta tana gyara wa baƙo karatu, kai kuma ka shafe ta don wani sakarai ya yi maka dariya. Ka ce ba a cuci kowa ba. Ita fa?

Ba zan ce wani mai juyi ne ba. Ba zan wanke Baba daga ƙarya da wata ƙaryar ba, shi ma ba zai gode min ba. Kuma Abul Fayyad ba yaro ba ne, tambayarsa ta farko ita ce, rubutun wa ke kan juyin farko? Rabin garin nan sun san hannunka.

Takardarka kuma ban nuna masa ba. Na ɗauke ta har na kai ƙofar gida, na dawo. Na goye ka, gaskiya ne, shi ya sa ba ni zan tona ka ba. Na je masa hannu wofi na ce, "Malam, na san amsar, amma ba a bakina ya kamata ta fito ba. Ka ƙara min lokaci."

Ya ce, "Amsar tana wanke shi?"

Na ce, "Tas."

Ya ce, "To akwai wanda take kamawa ke nan." Ya ce zai fara da sahun malaman Tunis cikin azumi, ya bar na su Baba har bayan Babbar Salla. Daga nan ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

Saura kai. Idan Salla ta zo ban ji daga gare ka ba, zan zaɓi Baba, kuma ina gaya maka tun yanzu don kada ka ce na ci amanarka. Amma ina roƙon Allah dare da rana ka riga ni. Ina ƙaunarka, Zurara, ban fasa ba. Tausayin da kake nema ne ba ni da shi.

Ramla

*

Daga Fusɗaɗ, ashirin ga Shawwal

Yaya,

Lafiya muke. Kogi ya cika bana, an yi murna a gari. Jiragen ƙarshe za su tashi cikin makon nan, don haka zan taƙaita.

Azumin nan duka ina jin haushinki. Na rubuta miki takardu biyu masu zafi na yaga. Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki tushen na tafi da shi masallaci, ban gaya wa kowa ba, har matata. Bayan La'asar na ce kowa ya buɗe littafinsa. Na ce, "Ku ɗauki alƙalami. Tsakanin mahaifina da Shehu Anbasa akwai suna, Umama 'yarsa. Ku rubuta shi a kowane babi."

Wani ɗan Andalus ya ce, "Malam, mantuwa aka yi?"

Na ce, "Ba mantuwa ba ce. Ni na cire shi da gangan."

Ya rufe littafinsa ya ce, "Daga Ƙurɗuba na taho dominka." Ya tashi ya fita, wasu suka bi shi. Mutum tara suka tsaya har muka gama gyaran, su ma ban sa ran za su dawo ba. Shekaranjiya an ba wani ginshiƙin.

Ga warƙar nan ita kanta, ba juyi ba, na yanke ta daga littafin na naɗe cikin fata. Ga kuma shaidar mutum huɗu a kan abin da na faɗa a masallaci. Ki kai wa Abul Fayyad. Idan ya iso sahunmu, ya rubuta abin da ya ga dama a kaina, ba ni da ja. Inna kuma ki faɗa mata a hankali.

Zurara

*

Daga Ƙairawan, goma sha biyar ga Zulhajji

Ƙanena Zurara,

Barka da Salla. Muna lafiya. Saƙonka ya iso ana saura kwana tara Salla.

Abul Fayyad ya karɓi warƙar da hannu biyu. Ya karanta sa hannun Umama ya sake karantawa, ya ce bai taɓa jin sunanta ba, kuma zai aika Madina a bincika masa tarihinta. Jiya aka karanta sahun su Baba a babban masallaci, ina sashen mata na ji da kunnena. Ga abin da ya cike filin da shi: Mu'afa ɗan Hubaishu, amintacce ne, mai tsantseni. Bai riski Anbasa ba, kuma bai taɓa cewa ya riske shi ba. Ya karɓi littafin daga Umama 'yarsa.

Naka ma ya rubuta, ya aiko min in gani kafin ɗalibai su gani. Ba zan ɓoye maka ba: Zurara ɗan Mu'afa ya sauke suna daga isnadin mahaifinsa, sannan ya mayar da shi da kansa a bainar jama'a, ba wanda ya kama shi. Ba a karɓar ruwayarsa.

Na roƙe shi ya cire jimlar ƙarshe. Ya ƙi, ya ce ta farkon ma bai taɓa rubuta wa kowa irinta ba. Na yi kuka a gabansa, ban kuma sake roƙo ba.

Na karanta wa Inna duka biyun, ban rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Ramla, sake karanta min na yaron." Na sake. Ta ce, "Ki ce masa ya dawo gida. Ina so in taɓa fuskarsa tun ina da rai."

Ka dawo, Zurara. Na share ɗakin Baba.

Yayarka, Ramla